Yadda tabarau na VR ke gane inda kan mutum yake

Bin diddigin motsin kai shi ne aikin da na'ura ke yi na auna inda kan mutum yake da inda fuskarsa ta dosa, sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin sakan ɗaya, domin hoton da ake nuna masa a cikin tabarau ya riƙa sauyawa daidai da motsinsa. A kan wannan aiki fasahohi biyu suka dogara. Ta farko ita ce VR, wadda ake kira réalité virtuelle da Faransanci, inda tabarau ke rufe idon mutum ruf ya nuna masa wata duniya da kwamfuta ta zana. Ta biyu ita ce AR, wato réalité augmentée, inda mutum ke ganin ɗakin da yake ciki, sai na'ura ta ɗora masa rubutu ko hoto a kan abin da yake gani.

Auna motsin kan wanda ke zaune a kujera abu ne da aka daɗe da iyawa. Wahalar tana wajen mutumin da ya miƙe yana zagaya babban ɗaki, ko zauren taro, ko farfajiyar asibiti. A irin wannan fili mai faɗi, haske ne ya fi duk sauran hanyoyin da aka jarraba nasara, kuma da shi kusan duk tabarau na zamani ke aiki a yau.

Lambobi shida

Kafin a ce an san matsayin kai, sai an san lambobi shida. Uku na wuri ne: gaba ko baya, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Uku kuma na juyi ne: waiwaye, ɗaga kai ko sunkuyawa, da karkatar da kai zuwa kafaɗa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai saye. Akwatunan roba masu araha da ake zura waya a ciki, waɗanda suka bazu a kasuwanni bayan Google ya fito da Cardboard a 2014, juyi ukun kawai suke aunawa. Idan mai sanye da su ya waiwaya, hoton zai waiwaya da shi. Idan ya taka gaba kuwa, duniyar gaba ɗaya za ta taho tare da shi kamar an ɗaure masa ita a goshi. Hakan ya wadatar wajen kallon fim mai zagaye, irin Daughters of Chibok na ɗan Najeriya Joel Kachi Benson, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2019. Amma bai isa a koya wa ɗalibi zagaya inji yana leƙa ƙarƙashinsa ba. Duk wanda aka tallata wa irin wannan akwati da sunan cikakken VR, rabin kaya aka sayar masa.

Dalilin jiri da tashin zuciya

A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi. Idan kunne ya ce an juya, ido kuma ya ce ba a juya ba tukuna, jiki yakan mayar da martani da jiri, gumi da tashin zuciya, irin wanda ke kama fasinja mai karatu a cikin mota a gangaren Aledjo. Masu ƙera tabarau suna ƙoƙarin kada tazarar da ke tsakanin motsin kai da sauyawar hoto ta wuce milisakan 20, wato kashi 20 cikin 1,000 na sakan.

Lissafin ba shi da wuya. Mutum yakan juya kansa digiri 100 a sakan ɗaya ba tare da ya yi wani gaggawa ba. Idan na'ura ta makara da milisakan 50, hoton zai kauce da digiri 5. A nisan kamu ɗaya da rabi, wajen santimita 70, wannan kaucewa ta kai santimita 6. A wasan kwamfuta abin haushi ne kawai. Ga likitan da aka zana masa layin da zai bi a kan ƙashin bayan maras lafiya, santimita 6 ya isa ya jawo asarar rai. Shi ya sa AR ta fi VR tsananin buƙatar daidaito: a cikinta ido yana ganin abu na gaske da na zane gefe da gefe, kuma ba ya yafe ko ɗan kuskure.

Hanyoyin da aka fara bi

A 1968 Ivan Sutherland, tare da ɗalibinsa Bob Sproull, ya haɗa a Jami'ar Harvard ta Amurka ɗaya daga cikin tabarau na farko masu nuna zanen kwamfuta. An auna motsin kai da wani sandan ƙarfe mai gaɓoɓi da ya sauko daga silin, an kuma gwada sautin da kunne ba ya ji. Sandan yana auna daidai, sai dai mutum ba ya wuce tsawonsa, kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Daga shekarun 1970 kamfanin Polhemus ya kawo hanyar maganaɗisu, wadda aka fara amfani da ita a hular matuƙan jiragen yaƙi. Ba ta buƙatar a ga juna tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma ƙarfinta yana raguwa da sauri in an yi nisa, kuma duk ƙarfen da ke kusa, ko rodin da ke cikin kankare, yana karkatar da awon. Sauti kuma yana da nawa: mita 340 kacal yake yi a sakan, saurinsa kuma yana sauyawa da zafin iska.

Akwai kuma ƙananan ma'aunan juyi da na fizga, irin waɗanda ke cikin kowace wayar zamani, waɗanda ke sa hoto ya kwanta in an kwantar da wayar. Suna da sauri ƙwarai, suna iya ba da awo 1,000 a sakan. Aibinsu shi ne ba su san inda suke ba, sai dai su tara motsi a kan motsi, kuskure kuma ya taru tare da shi. A ɗauka ma'aunin fizga yana da kuskuren santimita ɗaya kacal a sakan a kowane sakan. Bayan sakan 10 zai ɓata da rabin mita, bayan minti ɗaya da mita 18. Dole a sami wani abu a waje, wanda ba ya motsi, da zai riƙa gyara shi. Nan haske ya shigo.

Silin mai taurari na Chapel Hill

Ana iya amfani da haske ta fuska biyu. Ko dai a kafa kyamarori a bango suna kallon alamomin da ke jikin tabarau, ko a ɗora idon na'urar a kan mutum yana kallon alamomin da aka kafa a ɗaki. Hanya ta biyu ita ce dabarar madugun ayari: fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi daga Kano zuwa Salaga su komo da goro, waɗanda zango-zangonsu suka zama unguwannin Hausawa a Mango da Sokodé, da duwatsu da taurarin da ba sa gusawa suke gane inda suke.

Masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, a Amurka, sun zaɓi wannan hanya saboda wani dalili na lissafi. Idan mutum ya juya kansa digiri ɗaya, alamar da ke jikin tabarau, santimita 10 daga tsakiyar kai, ba ta gusa ko milimita 2 ba, kuma kyamarar da ke can bango da ƙyar za ta lura. Amma idon da ke kan mutum, yana kallon silin mai nisan mita 2, zai ga komai ya gusa da santimita 3 da rabi. Ga kuma wata riba: in ana son ƙara faɗin wurin, sai a ƙara alamomi masu araha a silin, ba sai an sayi ƙarin kyamarori masu tsada ba.

A 1991 suka nuna samfurin farko a taron SIGGRAPH da aka yi a Las Vegas. Silin ne mai faɗin kimanin mita 3 da tsawon mita 3.7, an dasa masa ƙananan fitilun LED guda 960 masu fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin. Mutum yana ɗauke da idanun na'ura huɗu a ka, suna kallon sama, da jakar kayan lantarki a baya. Kwamfuta tana kunna fitilun ɗaya bayan ɗaya, don haka kullum ta san wacce ake gani. Da an ga fitilu da dama da aka san wurinsu, sai a lissafo inda kan yake, da irin lissafin da masu zana taswira ke yi da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Tsarin yana ba da awo 20 zuwa 100 a sakan. Ya yi aiki, amma yana da nauyi, kuma akwai wata ƙarya a cikin lissafinsa: yana ɗauka cewa duk fitilun a lokaci ɗaya aka gan su, alhali kafin a gama kunna su kan ya riga ya gusa.

Greg Welch da Gary Bishop ne suka warware wannan a aikin da suka gabatar a 1997, mai suna SCAAT. Fitila ɗaya ba ta isa ta ba da lambobi shida ba. To amma kwamfuta ba daga duhu take farawa ba, tana da hasashen inda kan yake da saurin da yake tafiya. Sai ta kunna fitila ɗaya, ta kwatanta inda ta zaci za ta gan ta da inda ta gan ta, ta gyara hasashenta kaɗan, ta wuce zuwa wata fitilar. Tushen wannan dabara shi ne lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi amfani da shi a kumbon Apollo. Wani abin sha'awa shi ne tsarin yana gyara sanin da ya yi wa wurin fitilun su kansu yayin da ake amfani da shi, don haka ba sai an ƙera silin da tsananin daidaito ba.

Sabuwar na'urar, HiBall, ba ta kai girman lemun zaƙi ba, nauyinta kimanin giram 300. Tana da gilasan hange shida da ma'aunan haske shida, an jera su yadda kowane ma'auni zai iya hange ta gilashi fiye da ɗaya, abin da ya ba ta kusurwar gani 26. A ƙarƙashin silin mai fitilu wajen 3,000, a ɗaki mai mita 4.5 da 8.5, tana ba da awo sama da 2,000 a sakan, da jinkirin da bai kai milisakan ɗaya ba da kuskuren da bai kai rabin milimita ba. Kamfanin 3rdTech ya sayar da ita daga baya. Ko a yau, ba kowane tabarau na kasuwa ne ke kamo waɗannan alƙaluma ba.

A wannan jami'a aka yi sanannen gwajin rami da aka wallafa a 2002. An sa wa mutane tabarau, suka taka da ƙafarsu zuwa bakin wani rami na zane mai zurfin mita 6. Duk sun san ƙasa shimfiɗe take, amma bugun zuciyarsu ya ƙaru.

Daga ɗakin bincike zuwa kanti

Abin ya fito kasuwa da ƙarfi bayan Facebook ya sayi Oculus a 2014 kan kuɗi kimanin dala biliyan 2. Oculus Rift na 2016 ya bi hanyar farko: fitilu a jikin tabarau, kyamara a kan tebur. A shekarar kuma HTC Vive ya fito da tsarin Lighthouse na kamfanin Valve. Akwatuna biyu ne ake kafawa a kusurwoyin ɗaki, kowanne yana walƙiya sannan ya share ɗakin da layin hasken leza, a kwance da a tsaye. Ma'aunan da ke jikin tabarau suna ƙirga lokacin da ya wuce tsakanin walƙiyar da isowar layin, daga nan a san kusurwa. Akwatuna biyu suna rufe wajen mita 3.5 a kowane gefe, huɗu na sabon samfuri kuma har mita 10.

Sauyin da ya fi girma shi ne na watsi da fitilu da akwatuna baki ɗaya. HoloLens na Microsoft a 2016 da Oculus Quest a 2019, mai kyamarori huɗu, suna kallon ɗakin kansa: kusurwar taga, zanen tabarma, tsagewar bango. Na'urar tana zana taswirar waɗannan alamomi tana kuma gano matsayinta a cikin taswirar a lokaci guda, ma'aunan juyi da fizga suna cike gurbin da ke tsakanin hoto da hoto. Gary Bishop ya kawo shawarar na'ura mai bin kanta ta hanyar kallon muhalli tun a kundin digirinsa na 1984, sai dai kwamfutar da za ta iya aikin a cikin tabarau ta ɗauki shekara 30 kafin ta samu. Irin wannan dabara ce ke cikin ARKit na Apple da ARCore na Google, don haka wayoyi da yawa da ke hannun matasa a Sokodé ko Dapaong suna ɗauke da ita, ko masu su ba su sani ba. Ba kowace wayar Android ce ke cikin jerin waɗanda ARCore ke aiki a kansu ba, musamman masu arahar.

Farashi ya bambanta nesa ba kusa ba. Quest 2 ya fito a 2020 kan dala 299. Vision Pro na Apple, mai kyamarori 12, ya fito a Fabrairun 2024 kan dala 3,499, sama da sefa miliyan 2 tun kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

Matsalar faɗin wuri ba ta ƙare ba. Akwai wata dabara da aka ƙirƙiro a Chapel Hill a 2001: a riƙa juya hoton a hankali, mutum ya riƙa zagaye alhali yana jin miƙe yake tafiya. Binciken Frank Steinicke da abokansa a Jamus, a 2010, ya nuna cewa kafin mutum ya kasa lura, sai da'irar ta kai faɗin mita 44, fiye da rabin faɗin filin ƙwallo. A waje kuwa, GPS na waya yakan kauce da mitoci da dama, bai isa a ɗora kibiya a kan ƙofar wani shago ba. Live View na Google Maps yana cike wannan giɓi ta hanyar kwatanta abin da kyamara ke gani da hotunan Street View, don haka sai a titunan da aka riga aka ɗauki hotonsu yake aiki.

Abin da zai gamu da shi a arewacin Togo

Makaranta ko cibiyar koyon sana'a a Sotouboua, Sokodé ko Dapaong da ke tunanin sayen irin wannan kaya ya kamata ta fara duba ɗakin kafin ta duba farashi. Hasken rana cike yake da irin hasken da fitilun LED da leza ke amfani da shi, kuma yana danne su, don haka ɗaki mai manyan tagogi a buɗe yana rikita awo. Akwai haɗarin da ya fi wannan: gilasan cikin tabarau suna tattara hasken rana kamar gilashin ƙara girma, suna iya ƙona allon cikin ɗan lokaci kaɗan. Ajiye tabarau a bakin taga ko a bayan babur ya isa ya kashe shi.

Duhu ma matsala ne, domin kyamara ba ta ganin alamomi in an ɗauke wuta da dare. Haka bangon da aka shafe da farin fenti sumul, da tayil mai ƙyalli, da madubi, duk suna ɓatar da na'urar. Ɗakin da ke da tabarma mai zane, kalanda a bango da kujeru ya fi mata sabon zaure fes wanda babu komai a ciki. Inda bango ya yi fari da yawa, liƙa takardu masu zane daban-daban yana taimakawa. A lokacin hunturu ƙura tana kwantawa a kan kyamarori, sai an riƙa gogewa da tsumma mai laushi. A watannin Maris da Afrilu kuma zafi yana sa na'urar ta rage gudu ko ta kashe kanta.

Tsarin Lighthouse yana buƙatar wuta a kowane akwati da kwamfuta mai ƙarfi, abin da ke nufin janareto ko batir mai kyau. Tabarau mai cin gashin kansa yana aiki wajen awa biyu da caji ɗaya, kuma da zarar an sauke manhaja, bin diddigin kai ba ya buƙatar intanet, a cikin na'urar ake yin lissafin. Ga wurin da wuta ba ta tsayawa, shi ne zaɓin da ya fi dacewa, ko da daidaitonsa bai kai na masu akwati ba.

Inda ake cin moriyarsa a duniya ya nuna inda zai iya amfani a nan gaba. A kamfanin Boeing aka raɗa wa AR suna a farkon shekarun 1990, lokacin da Tom Caudell da David Mizell ke neman hanyar nuna wa ma'aikata yadda za su jera wayoyin jirgi ba tare da allon zane ba. A Yunin 2020 likitocin Johns Hopkins suka yi tiyatar ƙashin baya da taimakon tabarau na AR. Koyar da walda, gyaran inji da aikin jinya suna cikin fannonin da ake gwada shi, saboda ɗalibi yana iya maimaita aiki sau ɗari ba a ɓata ƙarfe ko a taɓa maras lafiya ba. Wuraren tarihi irin Koutammakou, ƙasar Batammariba da UNESCO ta sa a jerinta a 2004, suna cikin abubuwan da za a iya auna su a zana, ɗalibi a Lome ko Kumasi ya zagaya cikin gidan takienta da ƙafarsa. Sai dai manhajojin da ake da su galibi da Ingilishi suke, na Faransanci kaɗan ne, balle na Hausa, Tem ko Moba.

Abin da na'urar ke sani game da mai ita

Tabarau mai bin kansa da kyamara yana zana taswirar cikin gida: girman ɗaki, inda gado yake, inda ƙofa take. Motsin kai da hannu kuma yana bambanta mutum da mutum kamar yadda ake gane ɗan'uwa daga nesa ta tafiyarsa. A 2023 masu bincike a Jami'ar California da ke Berkeley sun nazarci bayanan mutum sama da 50,000 masu buga wasan Beat Saber, suka nuna cewa motsin sakan 100 ya isa a gane mutum daidai sau 94 cikin 100. Togo tana da dokar kare bayanan mutum, mai lamba 2019-014 ta 29 ga Oktoban 2019, amma kamfanonin da ke ƙera tabarau da manhajojinsa suna wajen ƙasar. Makarantar da za ta sa wa yara shi ya kamata ta buɗe asusu da sunan makarantar, ta kashe aika bayanan da ba dole ba a cikin saiti, ta kuma duba mafi ƙarancin shekarun da kamfanin ya ƙayyade kafin ta miƙa wa ɗalibi.